Yadda Ake Auna Girman Jikin Dala Mai Lanƙwasassun Gefuna

Dala mai lanƙwasassun gefuna siffa ce mai faɗin gindi da tsinin kai, wadda ƙasusuwan kusurwarta ba su tafi sambal daga gindi zuwa ƙololuwa ba. A wata sun kumburo waje, irin hular da ake ɗora wa hasumiyar masallaci. A wata kuma sun lotsa ciki, irin rumfar tamfol mai tsini da ake kafawa a bakin titi ranar ɗaurin aure ko zaman makoki. A birnin Abijan na Kwadibuwa, a Williamsville da sauran unguwannin Ajame, haka a Treichville da ke ƙetaren ruwa, masu sana'a uku ne suka fi cin karo da wannan siffa: mai walda da zai rufa wa ƙarafa fallen ƙarfe, telan tamfol, sai mai fenti da ake so ya faɗi kuɗin aiki tun bai hau ba. Dukansu lamba ɗaya suke nema, wato murabba'in mita nawa ne jikin abin. Ɗalibin da ya yi shirin jarrabawar BEPC a Kwadibuwa ya koyi lissafin dala, amma mai miƙaƙƙun gefuna, kuma wannan ƙa'ida ba ta isa ga lanƙwasasshiya ba, ko da yake daga gare ta ake farawa.

Miƙaƙƙiyar dala da guntulalliya

Kowace fuskar miƙaƙƙiyar dala alwatika ce, girmanta kuwa rabin faɗin gindi ne sau tsawon gangare. Tsawon gangare shi ne layin da ya tashi daga tsakiyar gefen gindi, ya bi jikin fuskar har ƙololuwa. Daban yake da tsayin tsaye, wanda ke sauka daga ƙololuwa zuwa tsakiyar daɓe. Ƙa'idar Fitagoras ce ke haɗa su: a ninka tsayin tsaye da kansa, a ninka rabin gindi da kansa, a haɗa, a nemi tushen jimlar da alamar √ ta kalkuletar waya. Rufi mai gindin mita 6 kowane gefe da tsayin mita 4 yana da gangaren mita 5, domin 16 da 9 sun ba da 25. Fuska ɗaya murabba'in mita 15 ke nan, huɗun kuma 60. Rufi ba shi da gindin da za a rufe, sai dai idan dalar rufaffiya ce ta kowane ɓangare, a nan ne ake ƙara 36. Babbar dalar Giza a Masar, mai gefen gindi kimanin mita 230 da tsayin asali kimanin mita 146.6, tana da gangaren kusan mita 186, fuskokinta huɗu kuma sun kai wajen murabba'in mita 85,700.

Mai tafiya daga Ajame zuwa Treichville ta unguwar Plateau zai ga ginin La Pyramide, wanda mai zanen gine-gine ɗan Italiya Rinaldo Olivieri ya tsara, aka gina tsakanin 1968 da 1973. Siffarsa dala ce da aka datse wa kai. Fuskar guntulalliyar dala tana da gefuna huɗu, na sama ya fi na ƙasa gajarta, kuma suna tafiya daura da juna. Girmanta shi ne faɗin sama da na ƙasa a haɗe, a raba biyu, sau tsawon gangare. Wannan ƙaramar ƙa'ida ita ce tubalin duk abin da zai biyo baya.

A Dahshur ta Masar akwai dalar Fir'auna Sneferu, ta wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda magina suka fara da gangaren digiri kusan 54, suka kai wani wuri suka kwantar da shi zuwa kusan 43. Mai auna ta sai ya raba kowace fuska biyu, guntulalliya a ƙasa, alwatika a sama, ya haɗa. To dalar da ta karye sau ɗaya ke nan. Idan aka ɗauki lanƙwasasshiyar dala a matsayin wadda ta karye sau shida ko sau goma, aka auna kowace ɗamara ita kaɗai, an sami hanyar.

A fara gane irin lanƙwasar

Fuskoki biyu shimfiɗaɗɗu duk inda suka haɗu, a miƙaƙƙen layi suke haɗuwa. Saboda haka da zarar an ga ƙashin kusurwa ya lanƙwashe, to aƙalla ɗaya daga cikin fuskokin ma ta lanƙwashe, ko da ido bai nuna ba. Gwajin ba shi da wuya. A sami miƙaƙƙen katako ko guntun bututun ƙarfe a riƙa ɗora shi a jikin fuskar.

Idan ya kwanta lif ta kowace fuska aka juya shi, fuskar shimfiɗaɗɗiya ce, lanƙwasar kuma a gefen ƙasa kawai take, irin bakan da ake yanke wa bakin tamfol don ya ɗaure tamau. Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A lissafa cikakkiyar alwatika, sannan a ɗebe yankin bakan, wanda girmansa kashi biyu cikin uku ne na tsawon gefen sau zurfin bakan a tsakiya. Gefen mita 5 da aka shiga da shi santimita 20 ya rage murabba'in mita 0.67. Arkimidis ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa ga bakan da ake kira farabola, kuma tana aiki sarai ga duk bakan da bai yi zurfi ba. Idan bakan waje ya fito, ƙarawa ake yi maimakon ɗebewa.

Idan katakon ya kwanta a gicciye a kowane mataki, amma ya ƙi kwanciya daga sama zuwa ƙasa, fuskar ta lanƙwashe ta hanya ɗaya. Wannan ce aka fi samu a aikin fallen ƙarfe, ita ce kuma za a fi daɗewa a kanta. Idan ya kwanta daga ƙololuwa zuwa kowane wuri a gindi amma ya ƙi a gicciye, gindin ne mai lanƙwasa, siffar kuma dangin jinkar ɗaki ce. Idan ya ƙi kwanciya ko ta ina, fuskar ta lanƙwashe ta hanya biyu.

Fuska mai lanƙwasa ɗaya

Babban abin riƙewa shi ne inda ake bi da tef. Layin tsakiyar fuska ake bi, a kan jikinta, lanƙwasa da lanƙwasa. Ba a bin ƙashin kusurwa, kuma ba a bin tsayin tsaye. Dalili shi ne kowace ɗamara ƙaramar guntulalliyar fuska ce, gangarenta kuwa a layin tsakiya yake. Ƙashin kusurwa yana tafiya a karkace, don haka ya fi tsawo, wanda ya yi aiki da shi zai sami lamba mai yawa. Tsayin tsaye ya fi gajarta, wanda ya yi aiki da shi zai sami lamba kaɗan.

Idan abin yana tsaye, aikin na mutum biyu ne. A nemi tsakiyar gefen gindi a yi alama da alli. A ɗaura zare a ƙololuwa, a sauko da shi kan jikin fuskar zuwa alamar, a bi shi da alli. Tef ɗin tela mai laushi ya fi na ƙarfe bin lanƙwasa, musamman inda ta lotsa ciki, domin na ƙarfe yana tsallake kwarin ya ba da gajeren awo, zaren ma a irin wannan wuri sai an riƙa danna shi da yatsa. A auna tsawon layin gaba ɗaya, a raba shi kashi shida daidai, a yi alama a kowane kashi. A kan kowace alama, mutum ɗaya ya riƙe bakin tef a ƙashin hagu, ɗayan a na dama, tef ɗin ya ratsa alamar a gicciye ba tare da ya karkata ba. Tiyon ruwan da magina ke daidaita gini da shi yana maganin karkata. Wanda zai hau rufin ƙarfe ya yi da safe kafin ya ɗauki zafi, kuma kada ya hau jiƙaƙƙe, abin da ke nufin a watan Yuni na Abijan sai an yi dakon sarari.

A ɗauki hular hasumiya mai gindin mita 3 kowane gefe da tsayin mita 1.5, wadda layin tsakiyarta rubu'in da'ira ne. Tsawon layin santimita 236 ne, kowane kashi cikin shida santimita 39.3. Faɗin da tef zai nuna daga gindi zuwa sama shi ne 300, 290, 260, 212, 150, 78, sai sifili a ƙololuwa. Tun da tazarar ɗaya ce, ba sai an lissafa ɗamara ɗaya-ɗaya ba. A ɗauki rabin faɗin farko da rabin na ƙarshe, wato 150, a haɗa da sauran biyar, jimla 1,140. A ninka da 39.3, a sami murabba'in santimita 44,802. Murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba, kuma wannan wuri yana kayar da mutane da yawa. Fuska ɗaya ta zama 4.48, huɗun 17.9.

Akwai hanyar da ta fi wannan kusantar gaskiya da awon nan dai, wadda ake jingina wa masanin lissafin Ingila Thomas Simpson, wanda ya rayu daga 1710 zuwa 1761. Sharaɗinta yawan ɗamarun ya rabu biyu ba saura. A ɗauki faɗin farko da na ƙarshe yadda suke. Na biyu da na huɗu da na shida a haɗa a ninka sau 4, wato 580 ya zama 2,320. Na uku da na biyar a haɗa a ninka sau 2, wato 410 ya zama 820. Jimla 3,440. A ninka da tazara a raba uku, a sami 45,064, wato murabba'in mita 4.51.

Ainihin amsar 4.5 ce cif, kuma wannan siffa tana da wata gajeriyar hanya mai ban sha'awa: duk hular da layin tsakiyar fuskokinta rubu'in da'ira ne, girman jikinta ninki biyu ne na filin da ta rufe. Daɓen murabba'in mita 9 yana ɗauke da hula mai 18. Ƙa'idar ba ta damu da yawan kusurwa ba. Hasumiya mai kusurwa takwas, wadda daga tsakiyarta zuwa tsakiyar kowane gefe mita 1.5 ne, tana da gefen mita 1.24 da hula mai murabba'in mita 14.9. Idan kusurwoyin suka yi ta ƙaruwa har gindin ya koma da'ira, hular ta zama ƙubba, wato rabin ƙwallo, mai 14.1, wanda shi ma ninki biyu ne na da'irar da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda Arkimidis ya nuna.

A nan ne ake ganin tsadar kuskure. Wanda ya ɗauki hular nan mai kusurwa huɗu a matsayin miƙaƙƙiyar dala zai sami gangaren mita 2.12 da jimlar 12.7, ya rasa fiye da murabba'in mita 5, kusan kashi 30 cikin ɗari na aikin. A ce murabba'in mita ɗaya yana cin jaka biyar na sefa, to fiye da jaka ashirin da biyar za su fita daga aljihunsa. Wanda ya ɗan fi shi wayo, ya bi lanƙwasar da tef ya sami 236, amma ya sa ta cikin ƙa'idar alwatika, zai sami 14.2, har yanzu da giɓin kusan 4. Fuskar ta daɗe tana riƙe da faɗinta kafin ta tsuke, alwatika kuwa tun daga gindi take fara tsukewa.

Sau da yawa abin bai riga ya tsaya ba, zane kawai ake da shi. A nan daga hoton gefe ake fitar da gangaren kowace ɗamara. A ɗauki rumfa mai gindin mita 5 kowane gefe, tsininta ya tashi mita 2 sama da bakinta, jikinta ya lotsa ciki. Daga baki zuwa tsakiya mita 2.5 ne a kwance. A raba shi taki biyar na santimita 50. A ce zanen ya nuna tsayin rufin a waɗannan wurare 0 ne, 8, 32, 72, 128, 200. Hawan kowane taki ke nan 8, 24, 40, 56, 72. Fitagoras zai ba da gangaren kowanne: 50.6, 55.5, 64.0, 75.1, 87.7, jimlarsu kusan santimita 333. Faɗin fuskar yana raguwa da mita ɗaya a kowane taki, daga 500 zuwa sifili, matsakaicin faɗin ɗamarun kuwa 450, 350, 250, 150, 50. Tun da gangarensu ya bambanta, kowace sai an ninka ta ita kaɗai: 22,770 da 19,425 da 16,000 da 11,265 da 4,385. Jimla 73,845, wato murabba'in mita 7.38, fuska huɗu 29.5.

Miƙaƙƙiyar dala mai wannan gindi da wannan tsayi tana da gangaren mita 3.20 da jikin murabba'in mita 32. Layin tsakiyar rumfar ya fi nata tsawo, amma tamfol ɗin da rumfar ke ci bai kai nata ba. Hakan ya faru ne domin rumfar tana kwance a inda take da faɗi, sai can kusa da tsini, inda ta riga ta tsuke, take miƙewa. Wannan yana ba da hanyar duba amsa: wadda ta kumburo waje dole ta fi miƙaƙƙiya, wadda ta lotsa ciki yawanci ba ta kai ta ba, kuma babu rufin da jikinsa zai gaza filin da ya rufe. Duk wanda lissafinsa ya ba shi ƙasa da 25 ga wannan rumfa ya koma baya.

Hanyar ɗamara ba ta tsaya ga waɗannan biyun ba. Hula mai siffar albasa, wadda cikinta ya fi gindinta faɗi, haka ake auna ta, sai dai a ƙara yawan ɗamarun a inda lanƙwasar ta yi tsanani. Gindin da tsawonsa ya fi faɗinsa yana da fuskoki iri biyu, kowane iri da nasa layin tsakiya. Hasumiyoyin ƙasa masu tsukewa suna hawa, irin ta Agadas mai tsayin mita 27, ko na masallatan Kong da sauran garuruwan arewacin Kwadibuwa da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021, ba su da gefen da ya miƙe sosai, hannun magini da ruwan sama sun bar musu tudu da kwari. Mai ƙiyasta yaɓensu ya auna fuskokin huɗu duka, kada ya auna ɗaya ya ninka.

Amfanin awon bai ƙare a lamba ba, domin shi ne kuma zanen yanka. Fuska mai lanƙwasa ɗaya tana buɗewa ta kwanta a ƙasa ba tare da ta tattare ba. A kan daɓe mai laushi, ko takardun buhun siminti da aka manna, a ja miƙaƙƙen layi mai tsawon layin tsakiya, a yi masa alamun ɗamarun. A kowace alama a fitar da rabin faɗi dama, rabi hagu, a gicciye daidai. A lanƙwasa siririn rodi ya ratsa ɗigogin, wani ya riƙe, a bi shi da alli. Kafin almakashi ya taɓa komai, a auna lanƙwasasshen gefen da aka zana a gwada shi da ƙashin kusurwa. A rumfar da aka yi misali da ita, kowane taki na santimita 50 yana zama 70.7 a kan kusurwa, sassan ƙashin kuma 71.2, 74.7, 81.2, 90.2, 100.9, jimla santimita 418. Idan gefen zanen bai zo kusa da haka ba, akwai kuskure a wani wuri. Wannan lamba ita ce kuma mai walda ke buƙata: ƙasusuwa huɗu za su ci bututun kusan mita 17.

Gindi mai lanƙwasa, da fuska mai lanƙwasa biyu

Idan gindin cikakkiyar da'ira ne, girman jikin shi ne 3.14 sau rabin faɗin da'irar sau tsawon gangare. Idan gindin wata siffa ce daban, a raba bakinsa gajerun sassa, a auna daga ƙololuwa zuwa kowace alama, jikin ya zama siraran alwatika masu yawa. Alwatikar da aka san gefunanta uku ana samun girmanta da ƙa'idar Hiron na Iskandariyya, wanda ya rayu a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. A haɗa gefunan a raba biyu. Daga wannan rabi a ɗebe kowane gefe ɗaya bayan ɗaya. A ninka rabin da ragowar ukun, a nemi tushe. Gefuna 2.6 da 2.5 da 0.5 suna da rabin 2.8, ragowa 0.2 da 0.3 da 2.3, ninkinsu 0.3864, tushensa murabba'in mita 0.62.

Fuska mai lanƙwasa biyu ba ta kwanciya a shimfiɗe sai ta yage ko ta tattare, yadda ɓawon lemo ke yi idan aka danna shi a faranti. Masanin Jamus Gauss ya tabbatar da dalilin haka a 1827. Tamfol ɗin da aka ja tamau tsakanin ƙasusuwa huɗu yakan lotsa a gicciye ma, ya shiga wannan rukuni, ko da yake idan lotsawar kaɗan ce lissafin ɗamara yana isa don sayen kaya. Manyan rufi masu irin wannan lanƙwasa, a ƙasashen duniya da cikin Abijan, injiniyoyi ne ke lissafa su da kwamfuta, kuma abin da kwamfutar ke yi shi ne raba jikin zuwa dubban ƙananan alwatika. Mai aikin hannu yana iya yin haka a taƙaice: ya zana raga a jikin fuska ɗaya, ya raba kowane gida biyu ta kusurwa, ya yi wa kowace alwatika ƙa'idar Hiron. Alwatikun su kasance masu gefuna kusan daidai, kuma su kwanta da jikin fuskar, domin dogaye sirara da suka yi zigizagi suna iya ba da lamba fiye da gaskiya komai yawansu.

Gaskiyar magana, a wurin tela sikeli ya fi wannan wahala sauƙi. Idan akwai tsohon tamfol ɗin da za a maye gurbinsa, a wanke shi, a shanya, a cire igiyoyi da zoben ƙarfe, a auna nauyinsa. A yanki murabba'in mita ɗaya daga jikinsa a auna. A raba nauyin farko da na biyu. Idan guntun giram 600 ne, dukan tamfol ɗin kuma kilo 18.6, girmansa murabba'in mita 31 ne, har da ninkin ɗinki. Idan babu tsoho, a rufe fuska ɗaya da takarda iri ɗaya, baki da baki ba tare da ta hau juna ba, a yi mata haka nan.

Daga lissafi zuwa kasuwa

Girman jiki da yawan kayan da za a saya lambobi ne biyu daban. Rumfar mai 29.5 tana da gefuna takwas masu haɗuwa a kusurwa, kowanne mita 4.18. Idan aka bar wa kowanne santimita 5 na ɗinki, an ƙara 1.7. Kalmasar santimita 10 a bakin mita 20 ta ƙara 2. Gezar santimita 30 da ke saukowa a kewaye ta ƙara 6. An kai 39.2 tun ba a yi maganar ɓarnar yanka ba. Tamfol kuma yana miƙewa idan aka ja shi, don haka akan rage masa kaɗan wajen yanka, gwargwadon abin da gwajin guntu ya nuna.

Ɓarnar yanka ba ta da ƙa'ida ɗaya. Hular mai murabba'in mita 18 za ta ci falle tara na mita 2 da mita 1 in da ba a zubar da komai ba, abin da ba ya yiwuwa. Idan aka yanki kowace fuska daga cikakken fili mai mita 3 da 2.36, za a ci 28.3, wato falle goma sha biyar. Gaskiyar tana tsakanin nan, kuma hanyar gano ta ita ce a zana sassan a takardar littafin makaranta mai gida-gida, kowane gida ya tsaya a madadin santimita 10, a yanke su, a riƙa jera su kai da ƙafa a kan zanen fallen har su zauna. Mai karɓar takardar farashi a Ajame ko Treichville ya lura cewa tsarin Faransanci ake bi, inda waƙafi ke zama a gurbin ɗigo, don haka 4,5 huɗu da rabi ne.

Mai fenti ba ruwansa da ɓarnar yanka, amma yana da nasa ƙari. Kwanon rufi mai tudu da kwari ya fi shimfiɗaɗɗe jiki. A bi tudun da kwarin da tef mai laushi a faɗin mita ɗaya, abin da ya nuna shi ake ninka girman da shi. Iskar Abijan mai laima, ga gishirin teku da tafkin Ebriye, tana cin ƙarfe ta ciki kamar yadda take cin sa ta waje, saboda haka ɓangarorin biyu ake shafawa. Idan gwangwani ya nuna lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10, hular mai 18 za ta ci lita 3.6 a shafi biyu na waje, ciki da waje kuma lita 7.2, ban da shafin farko na maganin tsatsa.